Wuƙar Malam Vasseur

Wuƙar kankare fenti tana hannun Malam Vasseur tun kafin ya iso wurin ɗalibarsa Honorine. Wata bakwai ke nan duk hoton da ta zana sai ya kankare shi a gaban sauran ɗalibai, ita kuwa ba ta taɓa bari ya ga hawayenta ba. Gobe za a kai hotuna baje kolin Paris, kuma gonar alkama guda ce kowa ya zana, har shi kansa.

Ya matso kamar zai manna hanci a jikin hoton. "Wannan alkama ce ko kashin kaji? 'Yar boko, koma aji ki riƙe alli!"

Ɗalibai suka tuntsire da dariya.

"Malam, kai ka ce irin wannan daga nesa ake kallonsa. Ɗan ja da baya mana."

"Ni za ki koya wa kallo?"

Ya ja wuƙa sau uku, ɗanyen fenti ya tattaru kamar kunu. Ta bari sai da ya goge wuƙar a hannun rigarta.

"Hotona yana cikin akwatin tafiya Paris tun safe, Malam. Naka na ɗora a wurin nawa, in ga ko kana dubawa."