Taba Ta Biyu a Cikin Tulu

Zauna tukuna, Tanimu. Na ga idonka yana kan ƙofa, shago na kiranka, matarka kuma ta ajiye maka abinci ta koma ɗaki. Na gaji da yi maka faɗa. Misali ɗaya zan ba ka, in ka ji sai ka tafi.

An yi wani manomin taba a wani ƙauye na bakin fadama. Wata shekara damina ta yi kyau, ya sami ganyen da bai taɓa samun irinsa ba, mai kauri, mai maiƙo, na can saman kara inda rana ta fi duka. Bai kai shi kasuwa ba. Ya rataye shi a inuwa har ya yi launin jemammiyar fata, sannan ya jibge shi ya rufe da buhu ya yi gumi wata uku, kullum yana juyawa. Da ganyen ya nuna, sai ya naɗa taba biyu, kowace ta kai kaurin babban yatsa, tsawonta ya kusa taƙi, irin wadda masu hali ke sayowa daga ƙasashen waje a cikin akwatin katako. Ta farko ya kunna ta bayan la'asar a gindin tsamiyar ƙofar gidansa, matarsa na gefe tana tsintar wake. Ba tabar da ake zuƙa a tsaye ba ce. Hayaƙinta nauyi gare shi, yana cika baki kamar kunun gyaɗa mai kauri. Farkonta ƙamshin ƙasa ranar ruwan fari, tsakiyarta ɗacin goro wanda kan koma zaƙi, can ƙarshe kuma ɗan yaji a maƙoshi. Tokar fara fat, ta yi tsawo ba ta faɗi ba. Har rana ta yi ja tabar ba ta ƙare ba, kuma da yake ba ta barin mutum ya tashi, sai ya zauna, ya yi hira, ya ba da labarin ƙuruciyarsa har ya yi dariya. Matar ba ta shan taba. Amma tun da aka kawo ta gidan, ranar ce kaɗai ta ga ya jingina bayansa yana kallonta ba yana kallon gona ba.

Ta biyun ya ce sai ranar da ya huta, su sake zama kamar haka. Ya sa ta a cikin ƙaramin tulu. Irin wannan taba ba ta son bushewa, ba ta son jiƙewa, don haka duk Juma'a matar kan jiƙa tsumma, ta matse, ta rufe bakin tulun da shi. Bayan girbi ta ce, “Maigida, a ɗauko?” Ya ce bari a gama gyaran rumbu. Aka gama rumbu, rijiya ta rufta. Aka gama rijiya, damina ta faɗi. Wata shekarar ta ce da shi, “Tabar nan taka fa ta kusa isa aure.” Ya yi murmushin gajiya, ya saɓi fartanya ya fita. Shekara bakwai tana jiƙa tsumma. A ta takwas tari ya kama shi, aka kai shi asibitin gari, likita ya ce ko hayaƙin murhu ya guje shi in yana son ransa. Wani direban babbar mota da ya zo ɗaukar albasa ne ya taimaka ya maido shi gida. Manomin ya duba bai ga abin da zai yi masa godiya da shi ba, sai ya ce a kawo tulun nan.

Direban ya murza tabar a kusa da kunnensa, ya sunsuna, ya kunna. Zuƙa ɗaya ya yi ya lumshe ido. Ya ce, “Baba, wa ya rena maka wannan? Ai ko jariri iyakar renon da za a yi masa ke nan.” Direban da ya zo yana cewa sauri yake yi, sai ga shi ya zauna a gindin tsamiyar nan, ya miƙe ƙafa, yana ta zuba hira da maƙwabta. Maigidan kuwa dole aka shigar da shi ɗaki, aka saki labule don kada hayaƙi ya same shi. Matar ta tsaya a bayan zana. Ƙamshin da ta jira shekara bakwai ya zo ya same ta, bai rage komai ba, ƙasar ruwan fari da ɗacin goro duk suna nan, sai dai dariyar da ke biye da shi ta baƙo ce. Ta tsaya har ya ƙare. Sannan ta wanke tulun ta kife shi, ta shanya tsumman a kan danga.

To, ka ji, Tanimu. Shago ba ya gudu. Ga abincinka nan, ka kira ta ku ci tare tun da zafinsa, don Hausawa sun ce, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani.