Ƙafar Hagu

Karo na uku ke nan Ɗan Kwat yana shiga ofishin mai gidan burodi, kuma karo na uku ke nan mutumin bai miƙe ya tarbe shi ba. Daga bayan teburi ya miƙo hannu, ya nuna masa kujera da haɓa. Ɗan Kwat ya zauna yana murmushi. A ransa ya rantse sai ya tatse wannan mai girman kan tas.

Tatsa dai ita ce sana'arsa. Shekara da shekaru yana yawo cikin kwat ɗin da ya koɗe a gwiwar hannu, yana shigar da mutane kamfanin garin shayin Sabon Jini. Ka biya rajista, ka sayi kwali, ka kawo mutum biyu su zauna a ƙarƙashinka. 'Yan kamfani suna kiran ɗaya ƙafar dama, ɗaya ƙafar hagu, kowannensu kuma ya kawo nasa biyun. Wanda ƙafafunsa suka yi nauyi daidai, shi ake miƙa wa makullin mota a gaban jama'a.

Ƙafar damarsa ta yi kauri da 'yan uwa da surukai, waɗanda yanzu ko sallamarsa ba sa amsawa. Ta hagu ce ta ƙi, ga shi ƙarshen wata za a rufe gasar mota. Shi kuwa mai gidan burodi yana da ma'aikata da masu sari cike da layi. Idan ya shigo da su, magana ta ƙare.

Aka kawo shayi. Maigidan ya sha nasa babu sukari, alhali ga buhunan sukari jibge a bayan taga. A kusurwa kuma ga kwali cike da takalma sababbi ful, ko ƙasa ba su taɓa takawa ba. Ɗan Kwat ya ce a ransa, rowa da tara kaya, halin masu kuɗi ke nan.

"Mutane suna cewa harkar nan damfara ce," in ji mai gidan burodi.

"Mahassada ne, yallaɓai. Ai shayin shi ke yi wa kansa shaida. Mai ciwon suga ya zubar da allurar asibiti ya riƙe wannan, wata uku zai yi tsere da ƙafarsa."

Ya faɗi wannan magana a zauruka da yawa, har bakinsa ya daina jin ɗanɗanonta. Mutumin ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce ya maimaita. Ɗan Kwat ya maimaita har da buga teburi.

"To, na ji. Amma ni ba na sayen abin da idona bai gani ba. Ka sauke mini kayan da zai ishi duk mutanena, ranar nan za ka ga ƙafar hagunka."

Kamfani ba ya ba da kaya sai an biya, kuma abin da ya fita daga sito ba ya komawa. Ɗan Kwat ya fi kowa sanin haka, domin shi ke karanta wa masu kuka wannan doka. Amma mota tana yi masa gizo. Abu ɗaya ya mallaka a duniya, gidan da mahaifinsa ya bar masa. Matarsa ta roƙe shi da hawaye kada ya sayar, ya ce mata ita ba ta san kasuwanci ba. Sai ga wani dillali ya ɓullo kamar an aiko shi, ya taya gidan a wulaƙance. Ɗan Kwat ya sallama.

Ranar alkawari babbar mota ta tsaya a ƙofar gidan burodi, aka sauke kwalaye har suka tare hanya. Ya shiga ofis yana gumi, yana lissafin yadda zai bar mutumin nan da tulin shayin da ko akuya ba za ta sha ba. Wannan karon ko kujera ba a nuna masa ba.

"Kwashe kayanka, sun tare mini ƙofa," in ji maigidan. "Ba na saye. Mutanena ma babu mai shiga."

Ɗan Kwat ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi. "Yallaɓai, gidana fa na sayar."

"Na sani. Dillalin nawa ne. Matarka da yara su zauna abinsu, ba su yi mini komai ba. Kai ne kar na ga ƙeyarka a ciki."

"Ni kuma me na yi maka?"

"Ba za ka tuna ba, mun yi yawa a zauren ranar. Ni ne mai ƙibar nan a layin gaba, wanda ka kama hannunsa ka ɗaga sama, aka yi ta tafi. Na koma gida na zubar da allurata kamar yadda ka ce."

Ya tura kujerarsa baya, ya zaro sanduna biyu daga bayan labule, ya miƙe a gaban Ɗan Kwat karo na farko. Wandonsa na hagu a naɗe yake daga gwiwa, an soke shi da fil.

"Ka ce ƙafar hagu kake nema a wurina," ya ce. "Ai ka daɗe da karɓa."