Kwalbar da Ta Fi Ƙarfi

Shekara tara ke nan tana wanke kwalabe a wani ɗakin binciken magunguna, har kowa na kiranta Inna. A gida kuwa ciwon suga ya sa maigidanta a gaba, duk ya rame.

A watan nan masu binciken suna aiki ne a kan furen kaktus, tsiron nan mai ƙaya. Sun tatsi ruwansa ta hanya uku: wani an dafa, wani an jiƙa a ruwan sanyi, na ukun an jiƙa shi cikin wani sinadari mai suna metanol. So suke su ga wanne ya fi ƙunsar abin da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa.

Wata safiya Inna na goge tebur ta ji shugabar binciken tana ce wa abokin aikinta, "Kai! Na kwalba ta uku ya ninka sauran ƙarfi."

Inna ba ta tambayi kowa ba. Da aka ba ta ragowar ruwan kwalba ta ukun don ta kai wurin zubar da sinadarai, sai ta juye a robar ruwa, ta cusa a jaka. Tana isa gida ta miƙa wa maigidanta, ta ce magani ne.

"Iye! Yau matata ce likita?" in ji maigidan yana dariya. Ya sha cokali biyu, ya yamutsa fuska.

"Daure, Baban yara, masana ne suka ce ya fi ƙarfi."

Da yamma ya ƙara, da safe ma haka. Wajen azahar, yana kan keken ɗinkinsa, ya ƙwala mata kira.

"Wa ya rufe taga? Ba na ganin allura."

Taga a buɗe take, rana na dukan ƙafarsa. Sai amai, sai ya zube ƙasa.

A asibiti likita ya tambayi abin da ya sha. Inna ta kira shugabar a waya, ta faɗa mata komai.

"Innalillahi! Inna, me kika yi? Metanol guba ne! A na'ura muka auna ƙarfin nan, ko ɓera ba mu ba shi ba tukuna!"

Wayar ta suɓuce daga hannunta.

An ceto ransa, amma likita ya ce jijiyar idanun ta mutu, ba zai sake gani ba. Da aka faɗa masa, sai ya ce wa Inna, "Ki daina kuka haka, zo ki kama min hannu."

Jama'a, abin da aka gwada a kwalba bai zama magani ba tukuna. Kada mu ba wanda muke ƙauna komai saboda guntuwar maganar da kunne ya tsinta. Mu tambayi likita kafin cokali ya kai baki.