Shebur a Shafin Farko

"Yanke ƙasan hoton nan," in ji Edita.

Mai hoto ya ce, "Ranka ya daɗe, shebur ne fa a hannun yaran. Kwata suke yashewa."

"Kwata ba ta sayar da jarida."

Aka yanke. Shebur ya koma gora, yaran suka koma ɓata-gari a shafin farko. Kafin azahar 'yan sanda sun kwashe bakwai, iyaye suka kulle sauran.

Ranar Asabar ruwa ya kece. Ashe kwatar ta bayan gidan Edita ce. Ta toshe, ta juyo falonsa.

Yana tsaye, ruwa har gwiwa, ya kira ofis.

"Rubuta: Unguwa tana nutsewa, matasa sun naɗe hannu."