Shelar da Ba a Faɗi Mai Ita Ba

"To wai wa ya sa aka yi wannan bidiyon?"

Ina bayan ƙofar zaure da ƙwaryar fura na ji Alhaji Tanimu ya yi tambayar. Maganar garin ke nan tun jiya. Wani bidiyo ne ya yi ta yawo a wayoyi, wai Malam Hashimu mai neman kansila ya karkatar da takin manoma. Babu sunan wanda ya yi, babu na wanda ya sa. Kafin la'asar samari sun ƙone masa shago, yanzu kuma 'yan uwansa na bi gida-gida suna neman mai muryar da ke cikin bidiyon.

"A rediyo ma cewa ake a yi doka," in ji wani baƙo, "duk tallan siyasa a manna sunan mai shi a jiki."

Baba, surukina, ya yi gyaran murya. Ya ce doka ce tsohuwa, mu ne muka yar. Ya dubi maigidana, da ke zaune a gefe kansa a ƙasa, ya ce, "Kai ma saurara."

Ya ce an yi wani mai shela a wani gari. Al'adar garin, in ya buga kuge ba ya cewa komai sai ya fara da "Wane yana gaishe ku." Da jin sunan, kowa ya san awon da zai yi wa maganar: in mai gari ne a miƙe, in wani maƙaryaci ne a ci gaba da sussuka. Wata shekara mutum biyu suka nemi sarautar noma. Ɗayansu ya kai wa mai shela riga sabuwa, ya ce ya faɗa wa jama'a abokin neman nasa ya zuba wa rijiya ƙazanta, amma kada ya ambaci sunansa. Mai shela ya shafa rigar, ya ji laushi. Ran kasuwa ya buga kuge ya ce, "Ana gaishe ku!" Mutane suka ɗauka daga sama saƙon ya zo, tunda har an ɓoye suna. Suka cinna wa rumbun mutumin wuta.

Da aka yashe rijiya ba a sami komai ba, sai gari ya juyo neman mai maganar. Wanda ya ba da rigar shi ne a gaba, sandarsa ta fi ta kowa tsawo, yana tambaya wa ya aikata wannan. Mai shela ya nuna shi, aka yi dariya: ina shaida? Ai da bakinka ka ce "ana." Murya ɗaya kowa ya ji ran kasuwa, ita aka bi har gida.

Ni kuwa na san takalman da ke bakin ƙofa, jajaye masu tsinin baki. Ranar Talata ma a nan na gan su, lokacin da Alhaji Tanimu ya shiga ɗaki da maigidana suka tura ƙyaure. Na ji maigidana yana maimaita "takin manoma, takin manoma" a waya, yana shaƙe murya kamar mai mura. Da yamma ya shigo da shadda sabuwa a leda.

In na faɗi sunan Alhaji, sai an tambaye ni a ɗakin wa na gan shi. Na ajiye furar a hankali, na ja mayafina. Ko Inna da ta haife ni ba zan gaya wa ba.

Na juya ke nan na ji Baba ya ƙarasa, muryarsa ƙasa-ƙasa: "Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka."