Lauyar Tsohon Malami

Sajan yana jin ƙarar takalmin lauyar a baranda ya gyara hula, sai kuma ya ji haushin kansa. Ai ba wurinsa ta zo ba.

Wurin tsohon malamin makarantar nan ta zo, wanda aka kama riƙe da kwalin zanga-zanga a ƙofar ma'aikatar ruwa, aka kulle, har yau ba a kai shi kotu ba. Kullum sai ta zo. Ta kawo masa magani, ta kawo tabarau, ta durƙusa a bakin ƙarfe tana “Baba, ka ci abinci?” da wata murya mai sanyi. Shi kuwa Sajan, in ya samu “ina kwana, ofisa” to ranar ya yi sa'a.

Abin yana cin sa, ba kaɗan ba. Tsoho duk haƙora sun zube, me ya fi shi da shi? Jiya har dariya ya ji suna yi, irin dariyarta mai sarƙe ta da tari, wadda rabonsa da ji tun ranar da ta sa baƙar rigar lauyoyi ta fara kallon kakinsa a karkace.

Da safe umarni ya zo daga sama: kada a bar kowa ya ga tsohon. Sajan ya san doka ta ba duk wanda aka tsare damar ganin lauyansa. Amma fa, Allah na gani, daɗi ya ji.

“An hana,” ya ce, yana juya makullai a yatsa.

“Wa ya hana?”

“Ni ne a bakin ƙofa.”

Ta karanto masa haƙƙin tsohon tiryan-tiryan, ko numfashi ba ta ja. Ya so ta roƙe shi, ko sau ɗaya, ta sassauta murya yadda take yi wa wancan. Da ya buɗe, ko da za a kore shi daga aiki. Ba ta roƙa ba.

Ta tattara jakarta, ta matso kusa da kanta, ta yi ƙasa da murya don kada kofur ɗin da ke gefe ya ji.

“Gobe zan shigar da ƙara, da sunanka a ciki. Ka gaya wa Umma da kanka in ka koma gida, kafin ta ji a gari cewa autarta ta maka ubanta a kotu.”