Saƙon Da Ya Maƙale A Layi

Sai a ƙarshen Janairu aka sake kunna sabar imel ta kamfanin casar shinkafa da ke Haɗeja. Tun ambaliyar Satumba take ajiye a saman kabad, domin Sakinatu ce kaɗai ta san kan aikinta, ita kuma ba ta nan. Ranar ta dawo aiki, ta rame.

Aikin sabar ba wuya. Kwamfuta goma sha biyu take yi wa hidima. Saƙon da ma'aikaci ya tura wa ma'aikaci, nan take ya faɗa akwatinsa. Wanda zai fita waje kuwa sai ya shiga layi, ya jira intanet. Ranar ambaliyar intanet ta yanke da hantsi, aka kashe sabar kafin azahar.

Manaja, Malam Tasi'u, ya tsaya a ƙofa.

"Malama Sakinatu, akwai akwatin Zarami da za a rufe. In ba za ki iya yau ba, a bari."

"Zan iya, ranka ya daɗe."

Zarami shi ne mai kula da sito. Kwalekwalen da ya shiga ne ya kife a hanyar Auyo, sai bayan kwana uku masunta suka tsamo shi. Kamfani bai aike shi ba, kuma har yau ba wanda ya san abin da ya kai shi can.

Ta buɗe layin. Saƙo tara ne suka maƙale. Takwas na dillalai ne, lokacinsu ya wuce, ta goge. Na tara daga Zarami yake. Ta daɗe tana kallon adireshin da ya rubuta, hannunta a kan maɓallin gogewa. Can ta janye, ta sake shi ya tafi.

Wayar da ke cikin jakarta ta yi ƙara. Ta ciro, ta ga saƙon ya shigo imel ɗinta na gida.

"Sakina, tunda kin toshe lambata, bari in biyo ta nan. Ni ne da laifi. An ce ruwa ya kusa gidan Baba. Kada ki motsa, ga ni nan zuwa Auyo in ɗauko ki."

Ita kuwa tun da sassafen ranar ta huce daga yajin da ta yi, ta baro gidan mahaifinta ta dawo Haɗeja, tana ɗakinta ta ɗora tukunya, tana jiran mijinta ya taso daga aiki.